Vlasta, Wadda Ta Farke Jirgin Yayanta

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta ratsa bayan filin jirginmu na Lipinka da safe ya san Vlasta Gazdova, ko da bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan mai baƙin keke, kwandon gabansa cike da gwangwanaye da buroshi, tana tuƙi a hankali kamar ta ɗauko ƙwai. In ta iso ba ta kula kowa tukuna. Sai ta jingine keken a jikin rumfar jirage, ta buɗe ɗan ɗakinta na gefe, ta wangale tagogin duka ko da ana zuba dusar ƙanƙara, domin warin fentin da take aiki da shi ya isa ya kwantar da doki. Ta ɗaura ɗankwali, ta ɗora ruwan kofi, sannan ta leƙo ta ce da ni, "Hynek, har yanzu kana nan da rai?" Ni kuma in ce, "Ina jira ki riga ni." Gaisuwarmu ke nan shekara da shekaru.

Ni ne mai yankan ciyawar filin. Ban taɓa tuƙa abin da ya wuce tarakta ba, amma daga kan taraktar nan na ga duk abin da ya faru a wurin tun gashina yana baƙi. Jiragenmu ba na kamfani ba ne. Mutum ne zai kwashe shekaru a garejinsa yana feƙe katako yana haɗawa da gam, matarsa tana mita, maƙwabta suna yi masa kallon taɓaɓɓe, har ranar da zai turo ƙwarangwal ɗin jirgi waje. Daga nan sai hannun Vlasta. Ita ke lulluɓe shi da ƙyalle, ta ɗinke ƙyallen a jikin kowane haƙarƙarin fiffike da doguwar allura, ta bi shi da fenti shafi bayan shafi har ya ɗame kamar fatar ganga, sannan ta kwanta rigingine a ƙarƙashin fiffiken ta rubuta masa lambarsa da hannu. Ranar tashin farko a ɗauki hoton maƙerin, a ɗauki na matuƙin, a tsiyaya wa farfela barasar slivovice, a shanye ragowar kwalbar. Ita tana can baya tana wanke buroshi.

Asabar ɗin da ta wuce ta ajiye aiki. Hannun ya fara rawa, likita kuma ya ce huhunta ya sha fenti iya sha. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ni da rabona da alƙalami har na manta. Ban ga dalilin da mace irin wannan za ta tura kekenta gida shiru ba, kamar wadda ta zo cin kasuwa ta tashi.

Kowa a nan yana da nasa labarin a kanta. Radim Kuchar, wanda yanzu yake tafiya yana buɗa kafaɗa don shi ne babban matuƙinmu, injinsa ya taɓa mutuwa ya sauka a makiyayar wani. Ya tafi ƙauye neman waya, kafin ya dawo shanu sun lashe masa ƙyallen wutsiya tas, don shanu suna mutuwar son ɗanɗanon fentin nan. Vlasta ta je da kekenta, ta zauna a ciyawa tana ɗinki tana korar shanun da ƙafa. Radim yana ta zaginsu, ta ce, "Ƙyale su, yaro. Su aƙalla sun san inda Allah ya ajiye su."

Shekarar da ƙasarmu ta rabu biyu kuwa, abokanmu na bayan dutse suka wayi gari 'yan Silobakiya, jiragensu dole su sauke lambar da ta fara da OK su ɗauki mai OM. Suka yi ta turo mata su. Masu gaggawa suka ce ta shafe tsohuwar da fenti kawai ta ɗora sabuwa. Ta ƙi, kuma har ta ajiye aiki ba ta taɓa ɗora lamba a kan lamba ba. Sai ta kwanta ta kankare tsohuwar tas har ta ga shafin farko, ko da za ta yini. "In ka binne ta da fenti, rana za ta tona ka," in ji ta. "Ka tashi sama, mutanen ƙasa su ga jirgi mai suna biyu kamar ɓarawo." Mun sha yi mata dariya a kan wannan taurin kan. Ni kaina na ce mata ko kabarinta aka haƙa sai ta ce a kankare tukuna.

To, Vlasta tana da yaya guda, Lojza, wanda kafinta ne. Su biyu suka rage a gidansu. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ba su haihu ba, don haka Lojza ne danginta gaba da baya. Kowace Lahadi bayan coci a gidansa take cin abinci, su yi ta musu a kan abin da ya wuce tun suna yara. Wanda bai san su ba sai ya ce faɗa suke yi. Ita kuwa in ta ce "Yaya Lojza", ko fuskarta canzawa take yi.

Lojza ya ƙera jirgi mai kujera biyu, rawaya, muna ce masa Kudan Zuma saboda launinsa da ƙugin injinsa. Ban taɓa ganin abin hannu mai kyansa ba, kuma ba na jin zan sake gani. Vlasta ce ta lulluɓe shi, amma shafin ƙarshe Lojza ya ce nasa ne, don kafinta ba ya barin wani ya gama masa aiki. Bai ajiye shi a rumfarmu ba, wai a nan ana goga masa gwiwar hannu. A babban rumbunsa na katako da ke bakin fili yake kulle shi. Kowace Asabar ya fito da shi ya wanke da tiyo, kowace bazara ya ƙara masa shafi ya goge, har kana ganin haƙoranka a jikinsa. Kuma ba shi da rowa da shi. Rabin ƙauyen nan a kujerar bayan Kudan Zuma suka fara ganin rufin gidansu daga sama.

Sai zuciyarsa ta fara ba shi wahala, likita ya ce shi da sama sai kallo. Bayan 'yan kwanaki ya ce ya ba wa Milada jirgin. Milada ita ce 'yarsa tilo, matuƙiya ce ita ma, tana aure a bayan dutse, cikin Silobakiya. Ke nan dole lamba ta canza. Aka gama takardu, mai duba jirage ya zo daga birni ya leƙa ta 'yar ƙofar da ke gindin fiffike, ya ga katako a bushe, ya sa hannu. Aka tsayar da wata Asabar: za mu yi biki a nan da rana, Milada ta tashi da jirgin ta tsallake dutse, can kuma dangin mijinta suna jira da nasu bikin. Abin da ya rage kawai shi ne Vlasta ta cire tsohuwar lamba ta rubuta sabuwa.

Ranar Juma'a aka turo Kudan Zuma rumfarmu. Ina gefe ina wasa wuƙaƙen injin yankan ciyawa, ita tana kwance a ƙarƙashin fiffiken hagu tana kankara. Can na ji ta ce, "Hynek, zo." Ba muryar da take tsokanata da ita ba ce. Na ajiye dutsen washi na je.

"Shafa nan," ta ce, tana nuna bakin fiffiken ta baya.

Na shafa. Sumul, kamar faranti.

"Ina hujina?"

Duk fiffiken da Vlasta ta lulluɓe, sai ta gasa ƙusa ta yi masa 'yan huji a jere ta ƙasa, kowane bai fi idon kaza ba, don duk ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita. A jikin wannan babu ko ɗaya. Fenti ya cinye su. Ta laluba da yatsa inda ta san ta taɓa yin wani, ta ɗauki basilla ta soka. Ruwa ya ɗigo mata a fuska. Ba ruwa mai haske ba, ruwa ja-ja kamar shayin da ya kwana, da wari irin na ɗakin ajiya da dankali ya ruɓe a ciki. Ta tara murfin gwangwani, ya cika, bai daina ba.

Muna haka Lojza ya shigo da tsumman gogewa a kafaɗa.

"Yaya, zo ka gani."

Ya duƙa ya duba. "Raɓa ce."

"Raɓa mai wari? Yaya, ka toshe min hujina."

"Hujinki munana ne, kamar ƙuraje a fuskar amarya. Na cike su tun tuni, me ya faru? Jirgin ya faɗo?"

"Kana yi masa wanka da tiyo duk mako. Ruwan ta ina yake fita?"

"Vlasta, ni na san katakona. Da hannuna na zaɓe shi, ke kina ina?"

"Ban ce ba ka iya ba. Bari in buɗe faɗin tafin hannu kawai in leƙa. In lafiya ne in ɗinke, ko kai ba za ka gane wurin ba."

"Ki yanka min jirgi ana gobe biki? Lamba aka ce ki rubuta. Ki rubuta lamba."

"To ba zan rubuta ba."

Ya dube ta ya yi 'yar dariya. "Akwai ta mannawa a birni. Har ta fi taki miƙewa."

Na sa baki na ce, "Lojza, leƙawa ai ba ta kashe kowa." Ya ce in je in ji da ciyawata. Ya ɗebo abin cike katako ya toshe hujin da babban yatsansa, ya goge wurin da tsumma, ya tura jirginsa ya kulle a rumbu.

Kada wani ya ce ba ta bi ta lallashi ba. A gabana ta kira Milada a waya. Ina jin muryar yarinyar tana cewa, "Haba Gwaggo, kin san halin Baba. An duba, shi ma ya duba. Don Allah kada ki ɓata masa ranarsa, kin san zuciyarsa ba ta son tashin hankali. In na kai shi can zan sa a buɗe, na yi miki alkawari." Vlasta ta ce, "In kin kai shi can." Ta kashe wayar, ta zauna a kan gwangwanin fenti, kofinta ya huce ba ta taɓa ba.

Asabar gari ya waye tas, ba ko gajimare. Aka jera tebura a bakin fili, mata suka kawo farantai cike da kek ɗin kolace, aka zo da masu goge, aka tara kwalabe. Ni aka ba yankan kyafaffen nama. Lojza ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya manna sabuwar lamba a miƙe ƙyam, Kudan Zuma yana ta ƙyalli a rana. Vlasta ba ta zo ba. Mutane suka ce fushi take yi don an raina mata rubutu, aka yi dariya aka wuce. Aka ci, aka sha, Lojza ya yi jawabi. Milada ta rungume shi, ta ja hularta ta tuƙi, ta hau ta ɗaura bel. Radim ya matsa gaban jirgin zai murza mata farfela.

A lokacin ne baƙin keken ya shigo. Ba kayan biki ne a jikinta ba, rigar aikinta ce mai dabbaren fenti. Ta zo teburina kai tsaye.

"Hynek, ara min wuƙarka."

Na miƙa mata. Allah yana gani, na ɗauka nama za ta yanka.

Ta nufi jirgin, ta tsaya ta ɗaga kai. "Milada, sauko."

"Gwaggo, don Allah, ba yanzu ba."

"Ba za ki sauko ba?"

"Gwaggo, mutane suna kallo."

Ta sunkuya ta shiga ƙarƙashin fiffiken hagu, ta kafa wuƙar a tsakiyar sabuwar lambar, ta ja da hannu biyu tun daga gaba har baya. Ƙarar da ƙyallen ya yi, ɓarrr, har yau ina jin ta a haƙorana. Goge ya tsaya cak. Wata mata ta ƙwalla, "Yesu da Maryamu!" Ruwa ya ɓalle ya jiƙa mata kai da kafaɗa. Mu duka muka sandare, kowa da abin da ke hannunsa, ni da guntun nama.

Lojza ya taho a guje, mutumin da aka hana hawa bene. Fuskarsa ta yi jawur, hannunsa a ɗage. Na tabbata dukanta zai yi. Ta jefar da wuƙar a ciyawa, ta tsaya a gabansa, ruwan yana bin wuyanta.

"Doke ni, Yaya. Amma sa hannunka tukuna."

"Kin haukace! Kin haukace, Vlasta!"

"Na ji. Sa hannunka."

Ya sa, kuma na san don ya ƙaryata ta ya sa. Ya zura hannu ta tsagar ya kama babban katakon da ke riƙe da fiffiken gaba ɗaya, daidai inda sandar tokara mai tallafe fiffiken take ɗaure da shi. Yatsunsa suka nutse. Ya zaro hannun, ga shi cike da baƙin abu mai laushi kamar burodin da aka jiƙa. Ya sake zurawa, kamar bai yarda da hannun nasa ba, ya taɓa ƙusar da ke riƙe da tokarar, muna kallo ta motsa.

Kowa ya fara waigen na kusa da shi, domin babu teburin da ba shi da wanda ya hau kujerar bayan nan. Matar Radim ta hau. 'Ya'yan mai gidan burodi sun hau, uwarsu tana ƙasa tana ɗaga musu hannu. Ni kaina bara waccan Lojza ya zagaya da ni har kan dutse, iska tana wujijjiga mu, ina ihu yana dariya. Na zauna daɓas a kan benci. Radim, wanda ya san iskar kan dutsen nan kamar yunwar cikinsa, ya ce a hankali, "Da ba ta tsallake ba." Milada ta kwance bel, ta sauko, ta zagaya bayan rumfa, muka ji tana amai.

Muna jira Lojza ya rungume ƙanwarsa. Me kuma ya rage? Ya daɗe yana kallon baƙin abin da ke tafinsa, sannan ya ɗago.

"A gaban mutane, Vlasta? A gaban 'yata?"

"Jiya na roƙe ka mu biyu, Yaya."

"Tun muna yara kike baƙin cikin duk abin da hannuna ya yi." Ya share hannun a jikin kwat ɗinsa. "Daga yau ba ni da ƙanwa."

In yankan ya girgiza ni, wannan maganar ta fi. Ita kuwa ta duƙa ta ɗauki wuƙar, ta goge a rigarta, ta kawo min. "Na gode, Hynek. Tana son washi." Ta kama kekenta ta fita da shi a hannu, ba ta hau ba.

Vlasta, ke ce kika san abin da za ki rasa tun kafin ki ari wuƙar nan. Kin fi kowa sanin Lojza. Kin san mutum ne da zai yafe wa wanda ya ƙona masa gida, amma ba zai yafe wa wanda ya nuna aibin aikinsa a bainar jama'a ba. Kin san ba ki da kowa sai shi. Duk da haka kika sunkuya kika shiga ƙarƙashin fiffiken. Ina kallon hannunki a kan keken lokacin da kike fita, yana rawa. Likita ya ce tsufa ne, ni dai a ranar na fara gani.

Abin da ya biyo baya ya ƙara ɗaure min kai. Ina zaton za a ɗauke ta a kafaɗa, sai ga ƙauye ya rabu. Wasu suna cewa ta kyauta, wasu kuma, har da waɗanda 'ya'yansu suka hau jirgin, suna cewa ai da ta bi wata hanya, wai ba a kunyata mai ciwon zuciya haka. Wace hanya? Ta roƙi uban, ta roƙi 'yar, ta ƙi rubuta lamba, hannun Radim yana kan farfela. Wanda bai riƙe wuƙar ba shi ke da dabara tuli. Na yi faɗa da mutane a kan wannan har wani ya daina gaishe ni, kuma ban yi asarar komai ba.

Lojza ya kwance fikafikan biyu, ya kai su tsakar gidansa, ya bi su da zarto da rana tsaka maƙwabta suna leƙe, ya cusa su a murhu. Ya rufe ƙofar ɗakin aikinsa, ya daina zuwa fili. In ya hango ta a bakin coci sai ya tsallaka titi. Milada tana kiran gwaggonta duk mako, ta yi ta roƙon uban, a banza. Aka shekara, aka sake shekara, aka kuma. Vlasta ba ta fasa zuwa aiki ba ko rana ɗaya, sai dai na lura har Lahadi yanzu tana buɗe ɗakinta, ta zauna tana jera buroshin da suke a jere. Ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma na ga wanda ya yar da mai lafiya.

Sau ɗaya na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce, "Na yi. Da ranar Juma'a na yanka, da kai kaɗai ka gani, kai kuma ba mutum ba ne." Ta yi dariya, sannan ta juya tana kallon taga har na fita.

Bikin ajiye aikinta a cikin rumfa muka yi, tsakanin jiragen da ta lulluɓe. Ba mu da yawa. Milada ta zo da mijinta a mota. Radim ya yi jawabi ya ba da labarin shanunsa, aka yi dariya, Vlasta ma ta yi, amma duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta waiga. Har an fara tattara farantai muka ji ƙarar ƙafar amalanke a kan tsakuwa.

Lojza ne. Ya rame, kwat ɗin ya yi masa yawa. Yana tura doguwar amalanke, a kanta fiffike sabo fil, farin katako, tsirara, ba ƙyalle ba fenti, kowane haƙarƙari da kowane haɗin gam a fili. Duk tsawon shekarun nan muna jin ƙarar zarto a gidansa muna cewa kabad yake yi. Wannan mutumin, ko kujera bai taɓa barin wani ya gani ba sai ya gama gogewa. Yau ga shi ya turo aikinsa ba sutura gaban duk wanda ya ga abin da ya faru.

Bai gaishe ta ba. Ni ya kalla.

"Hynek, gaya wa mai bikin nan na kawo a duba."

Vlasta ta ce, "Hynek, gaya masa na ajiye aiki."

"Gaya mata ban tambaye ta ba."

Na ce, "Ni mai yankan ciyawa ne, ba ɗan aike ba. Ga ku ga juna."

Ta tashi a hankali ta je. Ta bi fiffiken da hannunta mai rawa tun daga gindi har ƙarshe. Ta danna farce a babban katakon, ta sunkuya ta shinshina, ta ƙwanƙwasa nan ta ƙwanƙwasa can. Lojza yana tsaye, hularsa a hannu, yana murza ta kamar ɗalibin da ke jiran sakamako.

"Gam ya yi yawa a nan," ta ce.

"Na sani."

"Sauran ba laifi." Ta ɗaga hannayenta ta nuna masa. "Amma ka makara. Dubi. Ko allura ba na iya zura wa zare."

Ya kalli hannayen, ya daɗe yana kallo. Ina jin bai san sun kai haka ba.

"Ni zan ɗinka," ya ce. "Ke ki zauna a kujera ki yi ta zagina, ƙanwata."

Ta ja bakin ɗankwalinta ta rufe fuska. Ni kuma na tuna ina da abin dubawa a jikin tarakta, na fita.

Mun gode, Vlasta, mai basilla, mai kankare ƙarya har ƙasa. Mun gode da ƙyallen da kika ɗinka bai taɓa sakin kowa a sama ba, mun gode da shekarun da kika ci abincin Lahadi ke kaɗai ba ki kai ƙarar kowa ba. Allah ya ba huhun nan sauƙi, ya bar mana ke ki daɗe kina tambayata ko ina da rai. Ku kuma masu tasowa, ba a fili kaɗai ba, duk inda kuke aiki: yabon ɗan'uwa ba wuya, kowa ya iya. Ranar da kuka ga ruwa yana ɗiga daga abin da ya fi so, ku faɗa masa ku biyu, ku sake faɗa. In ya toshe da yatsa, ku tuna da tsohuwar nan, ku yarda ya tsane ku.

Da na fita wajen taraktar, na tarar da Milada a bakin hanya. Tana tsaye da ƙafafunta biyu a ƙasa, hannu a ƙugu, tana zazzaga wa mijinta masifa don ya ajiye mota a kan ciyawata.